Yadda Na Dawo Likoro da Rigar Baffa Jaɓɓi

Tun ranar da na dawo daga Janfalan ban huta ba. Mutum zai shigo shagona da yadi a hannu kamar ɗinki ya kawo, sai na ɗauko tef zan auna shi ya ce, "Wai don Allah Iliya, da gaske ne abin da ake faɗa?" Har a ƙofar masallaci an tare ni. To, na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa na ƙara nasa gishirin, don jiya na ji wai 'yan fashi ne suka tuɓe ni. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, saboda haka ga yadda aka yi.

Ni tela ne a Likoro, kuma babbar 'yata Hafsatu ta sauke Alƙur'ani bana. A gidanmu, tun kakanni, ba a yin walimar sauka sai an kayar da sa. Shekara huɗu da suka wuce na sayi ɗan maraƙi saboda wannan rana, na kai shi rugar Baffa Jaɓɓi a bayan Janfalan, ƙasar Ikara. Baffa Jaɓɓi Bafulatani ne, aminin marigayi mahaifina, kuma a wurinsa gidanmu ke ajiye dabba tun ina yaro. Na raɗa wa san suna Ciyaman, domin ba ya huɗa, ba ya jan amalanke, ci kawai ya sani. Bakina kuwa bai yi shiru ba. Babu wanda ban gaya wa a unguwa cewa ranar saukar Hafsatu sai an ci nama an ture ba. Iya, mahaifiyata, da haƙoranta suka ƙare, tun bara ta ce hantar san tata ce. Kullum na shiga gaishe ta sai ta ce, "Tela, hantar nan fa tawa ce, kar in ji an ba wani limami."

Saura kwana tara walima, bayan azahar, waya ta yi ƙara. Baffa Jaɓɓi ne. Muka gaisa har cajina ya ragu, sannan ya ce, "Ɗana, san naka yana ɗan jin jiki kaɗan. In ka samu sarari ka leƙo."

Wanda bai san Baffa ba zai ce ai da sauƙi, amma mutumin nan, shekarar da bukkarsa ta ƙone ƙurmus, cewa ya yi an ɗan yi hayaƙi. In ya ce kaɗan, to a shirya. Kowa kuma ya san dokar: dabba in ta kwanta, a kai mata wuƙa kafin ta zama mushe. Na rufe shago na nufi wurin Sallau mahauci, abokina tun muna makarantar allo. Kafin in gama bayani ya naɗe wuƙaƙensa a takardar buhun siminti. Ya ce, "Mu yanka, mu soya, mu kyafe sauran. Kwana tara ba komai ba ne." Ni kuma na koma gida na saka babbar rigata ta shadda, mai aikin hannu, wadda na yi wata uku ina yi wa kaina. Matata ta ce, "Malam, ruga fa za ka." Na ce mata tela shi ne allon tallan kansa.

Ba mu isa Makarfi ba sai da aka kira magariba, kuma motar Ikara ta ƙarshe ta tashi. Sallau ya ce akwai wani da ya sani, mai dafa mazarƙwaila, can muka nufa. Mutanen Makarfi akwai karamci, ban hana su ba, amma suna da wata ɗabi'a: kafin a ba baƙo ruwa sai an miƙo masa rake, a tsaya a kansa ana jiran ya yaba. Ni kuwa mutumin Likoro ne, ƙasar Kudan, a cikin rake aka haife ni. Na ɓantara na ce, "Ba laifi." Maigidan ya ce, "Ba laifi kawai?" Da Sallau bai taka mini ƙafa ba da a tasha muka kwana. Aka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa, muka ci, aka shimfiɗa mana tabarma a ɗakin da ake tara mazarƙwaila. Da safe na tashi na tarar kiyashin garin gaba ɗaya sun yi taro a cikin rigata. Kokon da aka kawo mana kuwa an zuba masa zaƙi har sai da haƙorana suka yi tsami.

A nan ne aka yi wani ƙaramin abu da ya kamata ku riƙe. Wayar Sallau ta mutu tun a hanya, maigidan ya saka mana ita a caji. Da za mu fita hannun Sallau na riƙe da wuƙaƙe da ƙullin mazarƙwailar da aka ba mu, sai na zare wayar na jefa a aljihuna, na ce in mun shiga mota na ba shi.

Motar da muka samu, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta. Mu huɗu a baya, biyu a gaba, ga buhunan taki a but. Mun ɗan taɓa tafiya direba ya ce zai ratse ta Gazara ya sauke takin, minti biyar. Na ce, "Direba, rai ne fa a gabana!" Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya, ɗan'uwanka ne?" Na ce sa ne. Motar ta kwashe da dariya, har da wata tsohuwa da ke riƙe da kaza. An sauke takin lafiya, amma da aka zo tashi mota ta ce ba ta san zancen ba. Direba ya buɗe gaba, ya zuƙi fetur da baki ya fesa, ya buga wani ƙarfe da dutse, muka tura har gaban wani masallaci, muka turo ta baya. Rana ta ɗaga. Ni dai Ciyaman kawai nake gani a kwance, yana jan numfashi, ba wuƙa a kusa.

Can sai ga wani mai babur da kwandunan tumatir wofi a baya, ya ce ƙauyukan Janfalan zai bi ta hanyar gona, amma wurin mutum ɗaya ne, shi ma siriri. Kun san ni, kun san tumbina. Sallau ya haye. Na riƙe hannunsa na ce, "Sallau, kana isa ka yanka. Kar ka jira ni, kar ka saurari kowa. Na wakilta ka." Ya ce, "An gama." Wallahi har addu'a na bi shi da ita, Allah ya sa ya riski san da rai.

Ni kuma sai wajen hantsi na samu wata akori-kura mai zuwa Ikara, na zauna a kan taya a baya ina tattare shaddata. Muna shiga ƙasar Ikara muka tarar an gitta igiya a hanya. Na zaci masu karɓar haraji ne. Ashe 'yan sintiri ne su uku, da wata malamar dabbobi, mace mai ɗan shekaru, da tabarau da takalmin roba har gwiwa. Suna leƙa kowace mota. Ba a wucewa da dabba, ba a wucewa da nama, ba a wucewa da fata, ko ganda ce. A gefe ga wani bawan Allah an sauke masa ɗaurin ganda yana ta rantsuwa cewa ta bikin ƙanwarsa ce.

Ni da bakina, ba wanda ya tambaye ni, na leƙo na ce, "Malama, a taimaka a sake mu, sa gare ni a kwance, sauri nake in riske shi."

Ta ɗago tabarau. "A ina?"

"Rugar Jaɓɓi, bayan Janfalan."

"Sauko, Malam."

Na sauko ina gunaguni. Ta tambaye ni ko na taɓa jin ciwon saifa, wanda a rediyo suke ce wa antiraks. Na ce na ji, amma na ɗauka a wata ƙasa ake yinsa. Ta ce a wannan yankin ya ɓulla, kuma tun jiya take son zuwa rugar nan, don an ce shanu biyu sun faɗi a can. Ta ce dabba na cikin kiwo lafiya sai ta fara rawar jiki ta faɗi, baƙin jini ya riƙa fita ta hanci da ta baya, jinin kuma ba ya daskarewa. Ta ce ƙwayar cutar na cikin jinin, in aka yanka ko aka feɗe ta shiga ƙasa, ta yi shekaru tana jiran wata dabbar. Mai fiɗa kuwa, in yana da ko ɗan ƙwarzane a hannu ta shige, wanda ya ci naman ta kama shi a ciki.

Na ce, "Ko an soya?"

Ta ce, "Kafin a kai ga suya hannu nawa ya taɓa shi? Shekaranjiya muka kai wani mutum asibiti, fata kawai ya jeme. Ƙurji ya fito masa a hannu mai baƙin kai kamar gawayi, hannun ya kumbura har kafaɗa. Shi ya yi sa'a an kai shi da wuri, akwai magani. Wanda ta kama a ciki ba kullum ake samun wannan sa'ar ba."

Sallau kuwa hannunsa duk yanka ne, tsoho da sabo, kamar na kowane mahauci. Ni na ce masa kar ya saurari kowa.

Na zaro wayata na kira shi. Sai na ji kiɗa na tashi. Na duba hagu, na duba dama, 'yan sintiri na dubana. Daga aljihuna ne. Na fito da wayar Sallau ina kallonta tana kallona, ga sunana a rubuce, "Iliya Tumbi". Ashe haka ya ajiye ni! Ban ma samu sararin jin haushi ba. Na kira Baffa, ba ta shiga, don a rugarsa sai an hau wani suri ake samun sabis.

Malama ta ce babur ɗinsu ya je ɗauko kayan aiki a Ikara, yana dawowa za ta biyo ni. Wani dattijo cikin 'yan sintirin ya jingino mini kekensa ya ce, "Bi wannan burtalin, in ka wuce tsamiya biyu ka yi dama. Amma fa ba burki, da ƙafa ake tsayawa."

Jama'a, tun jiya nake roƙon Allah ya kai wuƙa wuyan san nan da wuri, yanzu ga ni a kan keken aro ina roƙon ya tsare ta. Rabona da keke tun ina saurayi. Na naɗe babbar riga a kafaɗa, ta zame, sarƙa ta cafke gefenta ta yage aikin wata guda. A gangaren wani rafi na tuna maganar burki, amma na tuna a makare, na shiga gonar wani na fito da kunyar dankali a gaba. Hulata ta faɗi, na waiwaya na ce mata sai wata rana. Wasu mata masu ɗauke da itace suka tsaya suna salati. Ina tafe ina kiran "Sallau! Sallau!" tun ba a ga ko bukka ɗaya ba.

Da na hango rugar sai ga mutane tsaitsaye a gefen wata bishiyar ƙirya, maza da mata, da kwanuka da robobi. Labari ya riga ya kai ƙauyen da ke kusa cewa mahauci ya zo, za a yi watanda. Na tsayar da keke da ƙafa da gwiwa da kafaɗa, na kutsa.

Ciyaman na kwance, ya miƙe wuya, jikinsa na karkarwa. Da ransa. Sallau na tsaye da wuƙa tsirara, ya cika ya yi fam. Tsakaninsa da san kuwa Baffa Jaɓɓi ne zaune a kan ɗan buzu, ƙaramin tsoho, sanda a kan cinya, kamar mai jiran a kawo masa fura.

Sallau ya ce, "Alhamdu lillahi! Iliya, zo ka raba ni da tsohon nan. Tun safe nake nan. Ya gaishe ni, ya tambayi matana, ya tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi Likoro unguwa-unguwa. Na ce ka wakilta ni, ya ce madalla, ya sake tambayar matana. Na zagaya ta hagu ya ja buzunsa hagu. Bai ce mini a'a ba, bai kuma matsa ba!"

Na durƙusa na gaishe da Baffa, numfashina na fita da ƙyar. Ya amsa a natse, har ya fara tambayar Iya. Na ce, "Baffa, ka san ko mene ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gan shi sau ɗaya, ina saurayi. Mahaifina bai bar kowa ya taɓa ba, muka tashi daga wurin. Wani baƙo ya koma ya yanki cinya a ɓoye. Ba mu ƙara ganinsa a kasuwa ba."

"To me ya hana ka gaya mini a waya?"

"Ɗana, amanar gidanku ce shekara arba'in. Da wane baki zan ce ta lalace a hannuna? Na ce dai ka zo ka gani da idonka."

Mu a gari, in ba ma son abu, sai mu ɗaga murya a ji mu a bayan layi. Shi wannan tsoho bai ɗaga murya ba, bai ce a'a ba, ya zauna ne kawai tun safe a gaban wuƙa. Na ji kunyar kaina.

Sallau bai ji bayanin ba, ko ya ji bai shige shi ba. Ya ce, "Iliya, numfashi kaɗan ya rage masa. Kai ne mai shi. Ka ce bismilla in sa wuƙa, in ya mutu mushe ne, shekara huɗu ta tafi a banza." Masu kwanuka suka ɗauka: "A yanka mana, Alhaji!" "Mun sha cin irinsa!" Wata ta ce ita ko kayan ciki ne a ba ta.

Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ta raya mini. Na dubi tozon nan da na yi shekara huɗu ina zuwa dubawa duk bayan salla. Na tuna Hafsatu, da yadda take tashi da asuba tana tilawa, da alkawarin da na cika unguwa da shi. Na ce a raina, wa ya sani, ko ba shi ba ne? Sai na matsa na tallafi kan Ciyaman na ɗora a cinyata, abin da bai kamata in yi ba. Baƙin jini ya ziraro daga hancinsa ya bi shaddata, bai tsaya ba, bai daskare ba.

Na ce, "Sallau, mayar da wuƙarka."

"Iliya!"

"Na ce ka mayar. Dubi hannunka." Na juya wajen masu kwanuka na ce, "Ku yi haƙuri, babu watanda. Sana ne, kuma na bar shi ya mutu."

Kafin a kira azahar ya cika. Na yi kuka, ban ɓoye ba, ƙato da ni a gaban mata. Baffa ya kawar da kai don kar in ji kunya.

Malama ta iso da mutanenta, ta ga rigata, ta ce, "Inna lillahi! Malam, duk bayanin da na yi maka?" Ta kori masu kwanuka, ta sa aka haƙa rami mai zurfi da ya shanye tsayin mutum, aka tura Ciyaman ciki da ƙasar da jininsa ya taɓa, tare da sauran biyun da Baffa ya lulluɓe da ƙaya, aka zuba itace da mai aka cinna wuta. Sannan ta nuna ni da yatsa. Riga, 'yar ciki, wando, takalmi. Na ce, "Malama, aikin hannu ne, wata uku!" Ta ce, "Wuta ba ta san aikin hannu ba." Aka kai ni bayan bukka da bokiti da sabulu da wani ruwan magani mai warin asibiti, na yi wanka har fatata ta yi zafi. Ina jiyo Sallau, wanda sai a lokacin abin ya shige shi, yana tambayar malama ko kallo ma na sa a kamu.

Baffa ya buɗe akwatinsa ya ɗauko mini kayansa na zuwa kasuwa, wankakku. Baffa bai kai kafaɗata ba. Rigar ta tsaya a saman cibiya, wandon ya tsaya a gwiwa, ya ƙara mini da malafa da takalmin roba. Sallau ya dube ni, ya toshe baki, ya fita waje, na ji shi yana tari.

A rugar muka kwana. Karo na farko a rayuwata na sauka a gidan Fulani ba a ba ni nono ba, don malama ta hana sha da sayarwa sai an ga yadda garken ya yi. Dambu aka ba mu da ruwan zafi, matar Baffa na ta ba da haƙuri kamar ita ta yi laifin. Washegari aka yi wa sauran shanun allura, aka kai ni da Sallau da mutanen rugar asibiti a Ikara, aka duba mu, aka ba ni ƙwayoyi aka ce kar in tsallake ko ɗaya. A wannan shigar na ratsa Ikara, na ratsa Makarfi ranar kasuwa, na sauka a Likoro ana fitowa daga sallar la'asar. Sauran kun gani da idonku, ba sai na faɗa ba.

Walima dai an yi ta. Shinkafa da wake aka dafa, da kaji shida da matata ta sadaukar. Na ce wa Hafsatu ta yafe mini, ta ce, "Baba, ai ba don sa na yi karatun ba." Ta yi karatunta a gaban malamai, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Da aka fito da farantai na tsaya a bakin zaure ina kallon yaran unguwa sun kewaye su, hannuwa na shiga suna fita, har da 'ya'yan Sallau. Na tuna abin da na yi niyyar zuba musu a cikin farantan nan, sai da na nemi bango na jingina.

Iya ce kawai ba ta yafe ba. Na haɗa mata hantar kajin nan shida a ɗan kwano na kai mata da kaina. Ta ɗaga ɗaya ta duba ta ce, "Wannan ce hantar Ciyaman ɗin? Ashe ya rame." Har yau, kullum na shiga gaishe ta da safe, kafin ta amsa sai ta ce, "Tela, ina hantata?" Ni kuwa sai in gyara durƙuso in ce, "Ƙara faɗa, Iya." Ta ɗauka rashin kunya ce. Ba ta san daɗin da nake ji ba da na same ta zaune a kan tabarmarta tana yi mini gori.